Ladan Kuturu

Ranar da aka kawo mana kundin, ina zaune a ofishin akawun majalisa, don a duk sakateriyar fankarsa ce kaɗai ke juyawa. Masinja ya shigo da kwali a ka, ya dire, ya ce Ciyaman ya ce a raba wa kansiloli. Kwafi goma sha ɗaya ne, daidai yawanmu, kowanne da bangon roba mai sheƙi da hoton Ciyaman yana murmushi. Tsarin raya ƙaramar hukumarmu ne na shekara huɗu. Lokacin ana yayin irin waɗannan kundaye: gwamnatin Obasanjo ta fito da nata a 2004 mai suna NEEDS, jihohi suka biyo baya da SEEDS, mu na can ƙasa aka ce mu yi LEEDS. Sunan ya ƙi zama a bakin mutanenmu, sai kowa ya koma ce masa "littafin Ciyaman".

Kafin na shiga siyasa malamin firamare ne ni, shekara goma sha huɗu ina riƙe da alli. Shi ya sa da aka rantsar da mu aka ɗora mini shugabancin kwamitin kuɗi da tsare-tsare. A cikinmu akwai dillalin shanu, akwai tsohon direba, akwai 'yan kasuwar hatsi biyu. Dukansu sun fi ni sanin duniya, amma Turancin kundin ya sha musu kai. Shugaban Majalisa ya miƙo mini nawa kwafin da hannu biyu, ya ce, "Malam, kai ne idonmu. Ka karanta, abin da ka ce shi za mu yi."

Na kuwa karanta. Da ban karanta ba, da yau ina da wurin fakewa.

Dare uku na yi a kansa da fitilar ƙwai. Tun a daren farko na gane ba don mu aka fara rubuta shi ba. A shafi na 23, ƙwararren da aka ɗauko daga babban birnin jiha ya manta bai goge sunan wata ƙaramar hukuma ba, yana nan ɓaro-ɓaro a tsakiyar sakin layi. Gaba kaɗan sai ga alkawarin tallafa wa ƙungiyar masunta da jiragen ruwa, mu da ba mu da kogi sai wani rafi da ke ƙafewa kafin a gama girbin dawa. Na yi dariya ni kaɗai har uwargida ta leƙo ta ga ko lafiya.

Abin da ba na dariya ba yana can baya, a jadawalin ayyuka. Shekarar farko, katanga da sabuwar ƙofar sakateriya da gyaran masaukin Ciyaman. Ta biyu, jerin shaguna a bakin tasha, wai don ƙara kuɗin shiga. Ta uku, ƙarasa shagunan da fitilun kan titi. Babbar magudanar ruwan da ta ratsa gari, da kwalbatin unguwar gangare wanda duk damina sai ya toshe, da gyaran ɗakunan shan magani na ƙauyuka, duk an jera su a shekara ta huɗu. Ni a lokacin ban ga aibin hakan sosai ba, tunda dai suna ciki.

Baba Akawu ne ya buɗe mini ido. Dattijo ne da ya fara aiki tun zamanin En'e, kafin gyaran ƙananan hukumomi na 1976, ya ga shugabanni sun zo sun wuce fiye da yadda zai iya ƙirgawa. Na kai masa labarin masunta don mu yi dariya, bai ko murmusa ba. Ya karɓi kundin, ya lasa yatsa, ya wuce kai tsaye zuwa jadawalin.

"Honarabul, shekara nawa dokar jiha ta ba ku a kujerar nan?"

Na ce, "Uku, Baba."

"Littafin kuma na shekara nawa ne?"

Na yi shiru. Ya naɗe kunnen shafin, ya turo mini. Ya ce tun zamanin da ya sani, manya ba sa ce wa aiki a'a, cewa suke sai baɗi. Duk abin da aka kai shekarar da babu ɗayanku a ofis, an yi masa sutura ke nan. Sannan ya ce in nemo masa layi ɗaya tak a cikin littafin da aka ware kuɗin gyara. Na duba, babu. Gini ne kawai a kan gini. "Famfo idan ya lalace, wa zai sayi robarsa?" in ji shi. "Tun ran gini tun ran zane, Honarabul."

Kada wani ya ce hannunmu a ɗaure yake. Tsarin mulki na 1999, a sashe na 7, ya tabbatar da zaɓaɓɓun majalisun ƙananan hukumomi, har ya ɗora musu alhakin shiga cikin tsara tattalin arzikin yankunansu. Jadawali na Huɗu ya lissafo ayyukanmu: kasuwanni, tashoshin mota, mayanka, maƙabartu, kwashe shara, tituna da magudanun ruwa, sai kuma sa hannu a ilimin firamare da kiwon lafiya da noma. Magudanar ruwa tana ciki da sunanta. Kasafin kuɗi ba ya zama doka sai mun amince. Muna da ikon kiran Ma'aji da shugaban sashen ayyuka da kansiloli masu gafaka su zo gabanmu su yi bayani, muna da ikon zuwa da ƙafarmu mu duba aiki. A daren nan na yagi takarda daga littafin rubutun ɗana, na jera tambayoyi tara. Har yau ina tuna ta farko: me ya sa katanga ta riga magudana?

Kwana biyu kafin zaman majalisa, Ciyaman ya aiko direbansa bayan sallar isha'i. Na same shi a tsakar gida kan darduma, da butar shayi da balangu a takarda. Mutum ne mai sakin fuska, kuma ban taɓa jin ya ɗaga wa kowa murya ba. Muka yi hirar damina, muka yi ta farashin taki, ya tambayi jikin mahaifiyata. Can sai ya ce an samu rijiyoyin burtsatse guda uku, kuma shi ya rantse ɗaya sai mazaɓata, don ya san wahalar da matanmu ke sha. Ya kuwa faɗi gaskiya. Da rani yaranmu kan fita tun asuba da jarkoki, ba sa dawowa sai an shiga darasi na biyu. Ni da kaina na sha yi wa ɗalibai bulalar makara alhali na san daga ɗiban ruwa suke.

Na ce, "Ranka ya daɗe, Allah ya saka da alheri."

Bai ambaci kundin ba sai da ya rako ni bakin ƙofa. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Littafin nan, Malam, jiha na jira. Ranar Alhamis nake so ya wuce, kada a ce mu ne na ƙarshe." Shi ke nan. Bai ba ni ko sisi ba, bai ce in yi ƙarya ba. Da za a kai mu gaban alƙali, babu abin da za a kama.

A hanyar komawa gida na gama gina wa kaina hujja, kuma hujjar tana da ƙafafu. Kuɗin ƙaramar hukuma daga Abuja ba hannunmu suke faɗowa ba. Sashe na 162 na tsarin mulki ya kafa asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, ta can kason wata-wata ke biyowa a lokacin. Kafin ya iso mana an cire albashin malaman firamare, an cire na fansho, an cire kason masarauta, an cire na wasu "ayyukan haɗin gwiwa" da mu kansiloli sai dai mu ji labarinsu a rediyo. Abin da ya rage, in an biya ma'aikata, ba ya taka kara ya karya. Na ce wa raina: to littafin ma ai takarda ce, ko na gyara jadawalin ba a nan ake yanke hukunci ba. Rijiya kuwa ruwa ce, ana sha. Ban tambayi kaina ba, in har kuɗin kaɗan ne, ashe ba a nan ne ya fi dacewa a yi faɗa kan abin da za a fara yi da su ba?

Ranar Alhamis aka shigo da sandar majalisa, aka yi addu'a, aka karanta bayanin zaman baya. Ma'aji yana zaune a gefe da fayil a cinya, ya zo da shirin amsa tambayoyi, har gumi yake. Takardata tana aljihun gaban rigata. Na miƙe na ce kwamiti ya yi nazarin kundin filla-filla, ya same shi ya dace da muradun al'umma, yana ba da shawarar a amince.

Mutum ɗaya ne ya ɗaga hannu, Alhaji dillalin shanu, kansilan mazaɓar da unguwar gangare take ciki. Bai kalli Shugaban Majalisa ba, ni ya kalla.

"Malam, kwalbatinmu yana ciki?"

Na ce, "Yana ciki, Alhaji."

Ya gyaɗa kai, ya ce to alhamdu lillahi, ya koma ya zauna. Aka ce masu goyon baya su ɗaga hannu, hannu goma sha ɗaya suka tashi. Duka zaman bai kai minti arba'in ba, har da addu'ar rufewa. Muka sa hannu a takardar kuɗin zama. Da zan fita na haɗa ido da Baba Akawu, sai ya sunkuyar da kai ya ci gaba da rubutunsa. Daga ranar bai sake kirana gefe ya nuna mini komai ba, gaisuwa kawai.

Sauran labarin gajere ne. An yi katanga, an yi ƙofa mai kyau. An gina rabin shagunan. Wa'adinmu ya ƙare, aka rushe majalisa, gwamna ya naɗa kantoma, kantoma ya zo da nasa tsarin. Shekara ta huɗu ba ta taɓa zuwa ba. Rijiyata an haƙa ta, an sa mata famfon tuƙa-tuƙa, aka yi bikin buɗewa da maroƙa, aka kafa allon siminti da sunana a jiki. Ta yi shekara biyu da 'yan watanni tana ba da ruwa, sannan wani ƙarfe ya karye a ciki. Babu kuɗin gyara a kasafi, kamar yadda Baba ya faɗa. Aka yi karo-karo sau ɗaya aka gyara, da ta sake lalacewa kowa ya kama gabansa.

A daminar 2012, shekarar da ambaliya ta yi ɓarna a sassa da dama na Najeriya, aka kwana ana ruwa a garinmu. Kwalbatin ya toshe kamar kullum, amma wannan karon ruwan ya juya ya shiga unguwar gangare. Gidajen ƙasa suka jiƙe suka zauna. Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba, amma rumbuna sun tafi, awaki sun tafi, mutane suka yi makonni a azuzuwan makarantar da na taɓa koyarwa. Ba zan ce da an yi magudanar da babu gidan da zai faɗi ba, ruwan shekarar nan ya fi ƙarfin lissafi. Na dai san hanyar da ruwan ya bi, kuma na san shafin da aka ajiye ta.

Na je jaje. Na tarar da Alhaji a ƙofar abin da ya rage na gidan ƙaninsa, wandonsa a naɗe har gwiwa. Muka gaisa, na yi masa Allah ya mayar da alheri. Sai ya aiki yaro cikin gidansa da ke tudu, yaron ya dawo da kundin, bangon robar duk ya dushe. Ashe ya adana nasa.

"Malam," ya ce, "ɗana da ke sakandare ya karanta mini shi shekaran jiya. Ka ce yana ciki. Yana ciki kuwa."

Bai ƙara ko kalma ba. Da zagina ya yi da na fi samun sauƙi.

Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da Antoni Janar na Tarayya, Lateef Fagbemi, ya shigar da jihohi 36: a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye, kuma gwamnoni ba su da hurumin maye gurbin zaɓaɓɓu da kantomomi. A majalisarmu ta ƙofar gida aka yi ta murna, wasu har suna ce mini, "Honarabul, da a zamaninku aka yi wannan, da kun yi aiki." Na yi murmushi kawai. Hukuncin daidai ne, ina goyon bayansa. Amma asusun haɗin gwiwa bai shiga aljihuna ya riƙe takardar tambayoyin nan ba. In kuɗin suka iso gaba ɗaya, suka tarar da kansila irina a kujerar kwamiti, katangar ce kawai za ta ƙara tsawo. Jama'a su ma suna da nasu kason: ba a taɓa tare ni a hanya an tambaye ni me ke cikin tsarin shekara huɗu ba, sai dai kuɗin magani, ragon suna, da takardar neman aiki.

Rijiyar tana nan har yanzu a bakin hanyar masallacin Juma'a. An cire hannun famfon an sayar, mata na ɗaure awaki a jikin bututun. Allon simintin kuwa ko tsagewa bai yi ba, sunana raɗau, har da "Hon." a gabansa. Bara na je wurin Mai Unguwa na roƙe shi ya ba ni izini in sa a fasa shi. Ya dube ni da mamaki.

"Haba Malam, don me? Kai kaɗai ne kansilan da ya taɓa kawo mana wani abu. A bar shi, yara su san tarihi."