Ramin da ake fara haƙawa a kwamfuta

Mu 'yan Gangara, a bakin yayyenmu masu zuwa Anka da Ɗan Isa muka san haƙar zinariya: diga, igiya, tocila a goshi, sai addu'a. A Nuwamban 2021 rami ya rufta a Garin Liman, kusa da Ɗan Isa, aƙalla mutum 18 suka rasu.

Manyan kamfanoni kuwa sai sun haƙa ramin a kwamfuta tukuna. Da manhaja irin Deswik injiniya ke zana hanyoyin ƙarƙashin ƙasa, ya ware dutsen da za a bari ya tokare rufi, da inda iska za ta bi, da ɓangaren da za a taɓa kowane wata. Abincin manhajar kuwa kusurwa ce da zurfi da nauyi, wato lissafin nan da muke sulalewa daga ajinsa bayan tara.