Kwana Biyar A Barlin, Bisa Sawun Philip Kerr

Ƙarfe huɗu da 'yan mintoci na yamma muka fito daga tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Alexanderplatz, amma gari ya riga ya rufa kamar an idar da sallar magariba. Ƙarshen watan Nuwamba ne, ga wani jiƙaƙƙen sanyi da ke ratsa riga uku ya sami ƙashi. Ɗan ƙanwata da ke karatu a birnin, wanda shi ya tarbo ni daga filin jirgi, ya ga na tsaya ina ta waige-waige da littafi a hannu, sai ya kwashe da dariya.

"Kawu, kowa ya zo Barlin Katanga yake nema da Ƙofar Brandenburg. Kai kuma ka keto hazo ka zo neman ofishin mutumin da ba a taɓa haifa ba!"

Gaskiyarsa. Mutumin da na zo nema sunansa Bernie Gunther, jami'in binciken laifuka, kuma a cikin littattafai 14 kaɗai ya rayu. Wanda ya ƙage shi, Philip Kerr, ba ma Bajamushe ba ne. An haife shi a Edinburgh ta ƙasar Sikotilan a 1956, ya karanta shari'a a Jami'ar Birmingham, sannan ya yi shekaru yana rubuta wa kamfanoni kalaman talla a Landan. Yana cikin wannan aiki ne tunanin wani littafi ya addabe shi. Akwai salon labarin laifi da Amurkawa irin su Raymond Chandler suka shahara da shi, wanda ake kira nuwar, wato baƙi da Faransanci. A irin wannan labari mai bincike ba waliyyi ba ne, gari ya ruɓe tun daga sama, kuma ko an gano mai laifi zuciyar mai karatu ba ta yin fari. Kerr ya tambayi kansa, da a ce Chandler Barlin ya tare maimakon Los Angeles, wane irin labari zai rubuta? Amsar ita ce March Violets, wanda ya fito a 1989, shekarar da Katangar Barlin ta faɗi. Ke nan sa'ad da yake tattaki a birnin yana tara bayanai, wannan dandali da muke tsaye yana can ɓangaren Gabas, bayan shinge da sojoji.

Ginin da marubucin ya sa ofishin Gunther a ciki, Alexanderhaus, yana nan daram, ya tsallake ruwan bama-baman yaƙin Hitila. Amma babban abin da na so gani, hedikwatar 'yan sandan Barlin mai jan bulo da mutanen gari ke kira Jar Fada, babu ko ɓurɓushinta. Yaƙi ya ragargaza ta, aka kwashe kangon a 1957, yau wani katafaren rukunin kantuna mai suna Alexa ne a wurin. Muka shiga muka sha shayi mai zafi, ina ba yaron labarin Ernst Gennat, ɗan sanda na gaske da ya yi aiki a nan. Saboda ƙibarsa da son cin kek, abokan aikinsa Buda suke ce masa. Shi ya kafa sashen binciken kisan kai na musamman a 1926, ya hana a taɓa komai a inda aka yi kisa sai masu bincike sun iso, ya kuma sa aka tanadi mota guda ɗauke da kayan awo da na ɗaukar hoto da ke zuwa wurin kai tsaye. A hannun irin waɗannan gwanaye Kerr ya sa jaruminsa ya koyi aiki, don mai karatu ya san irin hukumar da 'yan Nazi suka gada kafin su mayar da ita makamin zalunci.

Kashegari da hantsi muka miƙa titin Unter den Linden a ƙafa. Daura da Jami'ar Humboldt akwai wani fili, Bebelplatz, inda na ga mutane sun yi da'ira suna kallon ƙasa. Na matsa na leƙa. Gilashi ne aka shimfiɗa a tsakiyar daɓen, ƙarƙashinsa wani farin ɗaki mai kantocin littattafai, babu ko takarda ɗaya a kansu. A wannan fili ne ɗalibai magoya bayan Nazi suka cinna wa littattafai kimanin 20,000 wuta a daren 10 ga Mayu, 1933, kuma an auna kantocin daidai yadda za su ɗauki wannan adadi. Na jima a tsaye. Ban taɓa ganin inda rashin abu ya yi magana da ƙarfi haka ba.

A ƙarshen titin, gab da Ƙofar Brandenburg, otal ɗin Adlon yake. Na asali an buɗe shi a 1907, ya ƙone a watan Mayun 1945, wannan da muke gani an sake gina shi ne aka buɗe a 1997. A cikin labarin, nan Gunther ya koma aikin tsaron baƙi bayan ya ajiye aikin ɗan sanda don ba zai iya rusuna wa sababbin masu mulki ba. Kuɗin shayinsu ya fi ƙarfin aljihuna, don haka daga bakin ƙofa na yi ziyarata. Nan yaron ya tambaye ni ma'anar sunan littafin farko. Na ce masa wata fure ce da ke tohowa a watan Maris, kuma da ita tsofaffin 'yan jam'iyyar Nazi suke yi wa sababbin shiga ba'a, waɗanda suka yi tururuwa zuwa yankar kati bayan zaɓen Maris na 1933 da suka ga inda gwamnati ta karkata. Ya yi murmushi ya ce, "Ashe 'yan a-bi-yarima-a-sha-kiɗa." Na ce ko Kerr da kansa ba zai fassara ta fiye da haka ba.

Labarin wannan littafi yana gudana ne a 1936, lokacin wasannin Olamfik, shi ya sa a rana ta uku muka hau jirgi zuwa babban filin wasan da ke yammacin birni. Masu son ƙwallo sun san shi, nan Italiya ta doke Faransa a wasan ƙarshe na Kofin Duniya na 2006, ranar da Zidane ya tunkuyi Materazzi. A nan kuma Jesse Owens, baƙar fata ɗan Amurka, ya ci zinare huɗu a gaban masu da'awar fifikon jinsi, kuma yau wani titi a gefen filin sunansa yake ɗauke da shi. Kerr ya nuna yadda aka yi wa birnin kwalliyar ganin baƙi, aka ciccire allunan cin mutuncin Yahudawa na 'yan makonni, alhali mutane suna ta ɓacewa cikin dare. Sana'ar Gunther a lokacin kuwa ita ce neman ɓatattu. Wani attajirin ƙarfe ya ɗauke shi ya nemo sarƙar lu'ulu'u da aka sace, neman sarƙa ya kai shi har sansanin Dachau.

Ranar da ta fi tsaya mini a rai ita ce ta huɗu. Muka bi titin Wilhelmstrasse, muka ɗan dakata a gaban allon da ke nuna inda ƙasashe 14 suka zauna daga Nuwamban 1884 zuwa Fabrairun 1885 suna tsara yadda za a yi wawason Afirka. Daga nan tafiya kaɗan ce zuwa filin da hedikwatar Gestapo, 'yan sandan asirin Nazi, da ta SS, dakarun jam'iyyarsu, suke a da. Jamusawa ba su gina kasuwa a nan ba. Sun tone ƙasa sun fito da ragowar bangayen ɗakunan ƙasa, suka bar su a fili ƙarƙashin wani guntun Katangar Barlin, suka gina zauren baje tarihi da aka buɗe a 2010. Shiga kyauta ne. Na tarar da 'yan makarantar sakandare aji-aji tare da malamansu, tsit, suna karanta takardun umarnin kisa da kakanninsu suka sa wa hannu.

A bangon zauren na yi ido huɗu da fuskokin da na sani daga littattafan. Ga Reinhard Heydrich, jigo a SS, wanda a littafi na biyu, The Pale Criminal na 1990, ya tilasta wa Gunther komawa aiki don ya kamo mai kashe 'yan mata a 1938. Ga Arthur Nebe, shugaban 'yan sandan binciken laifuka na ƙasa baki ɗaya, wanda a 1941 ya jagoranci rundunar da ta hallaka dubun-dubatar mutane a yankin Belarus, daga baya kuma aka rataye shi a 1945 bisa zargin hannu a yunƙurin kashe Hitila. A nan na fahimci abin da ya sa aikin Kerr ya yi zarra. Marubutan labarin laifi da yawa suna tambayar wa ya yi kisa. Shi kuwa tambayarsa ta fi ɗaci: me farautar mai kisan mutum ɗaya za ta amfana, a ƙasar da hukuma ce ke kashe miliyoyi, kuma ita ce ke biyan mai binciken albashi? Kura ce ta aike ka neman wanda ya cinye akuya. Gunther ya tsani 'yan Nazi, bai taɓa shiga jam'iyyarsu ba, bakinsa kuma ba ya shiru, da baƙar magana da barkwanci yake kare ɗan mutuncin da ya rage masa. Duk da haka sai da ya sa kakin SS, domin an haɗe hukumarsa da tasu. Kerr bai wanke shi ba. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma littafi bayan littafi muna kallon mutumin yana biyan wannan bashi.

Da daddare muka fake wa yayyafi a babban kantin littattafai na Dussmann da ke Friedrichstrasse. Jamusawa mayun labarin laifi ne, Krimi suke ce masa, har suna da wani shirin talabijin mai suna Tatort da ake nunawa daren Lahadi tun 1970. Na sami littattafan Kerr jere, na Ingilishi da fassarar Jamusanci, kusa da na Volker Kutscher, ɗan ƙasa wanda aka yi fim ɗin Babylon Berlin daga littattafansa. Baƙo ya rubuta tarihin gidan mutane, masu gida kuma suka fassara suna saye, wannan ba ƙaramar shaida ba ce.

A gaban kantar nan na bi tarihin aikinsa daki-daki. Bayan littafi na uku, A German Requiem na 1991, sai ya jingine Gunther har shekara 15. A tsakanin nan mujallar Granta ta sa shi cikin fitattun matasan marubutan Birtaniya a 1993, ya rubuta labaran kimiyya da na fasahar zamani, ya kuma yi wa yara jerin littattafai bakwai game da wasu tagwaye 'ya'yan aljanu, da sunan P. B. Kerr. Sai a 2006 ya dawo da tsohon jaruminsa, kuma na bayan nan sun fi na farko zurfi. Ya kai shi Ajantina ta zamanin Shugaba Peron inda gyauron 'yan Nazi suka ɓuya, ya kai shi Kuba, da Prag, da kudancin Faransa, da Girka. A cikin A Man Without Breath na 2013 ya tura shi dajin Katyn, inda sojojin Jamus suka tono kaburburan dubban hafsoshin Polan da 'yan sandan asirin Stalin suka harbe a 1940, makasa suna binciken laifin makasa. Littafinsa If the Dead Rise Not ya ci lambar Ellis Peters ta labarin laifi na tarihi a 2009. Wata ɗabi'arsa da ke burge ni ita ce yadda yake rufe littattafan baya-bayan nan da 'yan shafuka masu bayyana su wane ne mutanen gaske a labarin, da yadda ƙarshen kowannensu ya kasance, har da waɗanda suka mutu a gadajensu ba tare da an taɓa gurfanar da su ba.

Ciwon daji ya yi ajalinsa ranar 23 ga Maris, 2018, yana da shekara 62. Cikin jinya ya kammala na ƙarshe, Metropolis, wanda ya fito a 2019. A nan bai kai Gunther ga tsufa ba, baya ya mayar da shi zuwa 1928, matashi sabon shiga sashen Gennat a Jar Fada, kafin duhu ya sauko. Inda muka fara yawonmu, nan marubucin ya ajiye alƙalami.

Safiyar da zan taso, muna jiran mota a ƙofar gidan da yaron yake haya, sai ya ce, "Kawu, dubi ƙafarka." Wasu 'yan tagulla uku ne masu faɗin tafin hannu, an dasa su cikin daɓen hanya. Kowanne yana ɗauke da sunan mutumin da ya taɓa zama a gidan, da shekarar haihuwarsa, da ranar da aka tafi da shi, da inda aka kashe shi. Wani mai zane, Gunter Demnig, shi ya faro wannan aiki, kuma zuwa 2023 an dasa fiye da 100,000 a faɗin Turai. Waɗannan ukun sai ƙyalli suke, domin maƙwabta kan fito su goge su duk ranar 9 ga Nuwamba, ranar da aka ƙona wuraren ibadar Yahudawa a 1938. Kwana biyar ina taka su ban lura ba.

Na ga biranen da suka fi Barlin ƙawa, amma ban ga wanda ya baje abin kunyarsa a bakin titi don 'ya'yansa su karanta kamar wannan ba, kuma littattafan Kerr ne suka koya mini inda zan duba. Duk wanda Allah ya nufa da zuwa, shawarata ya karanta ko da guda ɗaya kafin ya hau jirgi, ya tanadi takalmi mai daɗin tafiya da rigar sanyi mai kauri, kuma idan yana yawo ya riƙa duban ƙasa.