Zumurrudu da Maɗaba'a: Kalmomin da Suka Yi Fatauci

Mu da muka tashi a zangunan Gana, daga Nima har Kumasi da Tamale, mun saba jin yaranmu 'yan boko suna cewa wai Hausa ba ta da kalmar kaza, sai an aro daga Turanci. Abin da ba a gaya musu a aji ba shi ne, shi kansa Turancin da kayan aro ya yi ado.

Mu ɗauki dutsen nan kore shar mai daraja, wanda Ingilishi ke kira emerald. Asalinsa smaragdos ne a bakin Girkawa. Rumawa suka karɓa, Faransawan da suka lanƙwasa shi ya koma esmeraude, sannan ya tsallaka Ingila. Wannan sunan dai shi ne ya bi hanyar gabas, Farisawa da Larabawa suka ce zumurrud, malamanmu kuma suka ce zumurrudu. Ashe emerald da zumurrudu 'yan uwa ne, hanya ce ta raba su. Wanda ya saurari Dare Dubu da Ɗaya a wajen tsofaffi zai tuna Zumurrudu, kuyangar da ta sa kayan maza har ta hau gadon sarauta. A zamanin da daga duwatsun Masar kusa da Bahar Maliya ake haƙo shi. Yau Kolombiya da Zambiya ne suka shahara da shi.

Na jade ya fi ban dariya. Mutanen Sifen sun tarar da shi a nahiyar Amurka a ƙarni na 16, suka sa masa suna piedra de ijada, wato dutsen kwiɓi, don sun ɗauka yana maganin ciwon ƙoda. Idan mu muka yi haka, camfi za a kira shi.

Inda hankalinmu ya fi tsayawa shi ne sha'anin littafi. Kalmar publish daga Latin ta fito, publicare, ma'anarta a fitar da abu gaban jama'a. Mu kuwa wallafa muke cewa, daga allafa ta Larabci, wato harhaɗawa da sada abubuwa su saba da juna. Bature ya dubi ranar da littafi zai fita kasuwa, malaminmu ya dubi daren da aka kwana ana tattara shi. Ga al'ummar da ta daɗe tana kwafar littafi da alƙalami da tawada, wannan ita ce kalmar da ta dace. Waƙoƙin Alhaji Umaru na Kete-Karaci, wanda ya rasu a 1934, da hannun almajirai suka zaga zangunanmu tun kafin wata na'ura ta taɓa su, kuma ba wanda zai ce ba wallafaffu ba ne.

Da na'ura ta zo, harsunan suka yi kusa da juna. Press da print duka daga premere suke, wato dannawa. Mu muka ce bugawa. Ɗab'i da maɗaba'a kuwa saiwarsu ɗaya da ɗabi'a a Larabci: hatimin da aka buga wa mutum a zuciya, wanda ba ya kankaruwa. Magazine ma daga makhazin ta Larabawa take, wato rumbunan ajiya, kuma ita ce mangazar da 'yan uwanmu na Nijar suka karɓo ta bakin Faransawa.

Gazette kuma sunan wani ƙaramin kuɗi ne na birnin Benis a Italiya, wanda da shi ake sayen takardar labarai. Da aka fara buga jaridar Hausa a Zariya a 1939, ita ma kuɗinta ne ya shiga sunanta: Gaskiya Ta Fi Kwabo. Shi kuwa kwabon, copper ne na Ingilishi ya zauna a bakinmu.