Moton da mutum ɗaya zai iya ɗagawa

Duk wanda ya yi aikin karkara a Adar ya san hanya ce ke zaɓen abin hawa. Tun da aka buɗe Furojen Keita a 1984 da taimakon Italiya, a kan moto malaman gona da na gandun daji suka dinga ratsa duwatsu da ƙoramu.

Ni ma na sha wannan yawo. Wata damana, tsakanin Buza da Madawa, ƙatuwar moton da nake taƙama da ita ta kafe a yashin Majiya. Na yi iya ƙoƙarina, ta ƙi ɗaguwa. Sai da magariba wasu makiyaya biyu suka cece ni. Manoman da suka wuni suna jirana don dashen itatuwa kuwa sun riga sun watse.

Daga ranar na koma Yamaha DT 125: ba ta da nauyi, cikinta ba ya taɓa dutse, kuma makanikin kasuwa ya san ta.

Ya ku masu saya wa ma'aikata moto, kafin ku yi ciniki ku tambaya: mutum ɗaya zai iya ɗaga ta? Akwai kayan gyaranta a Madawa? Lita nawa take sha zuwa Keita?