Ziyara a tabkin Madarumfa

A wannan wata za mu ba ku labarin tafiyar da muka yi zuwa tabkin Madarumfa.

Mun tashi daga Agye da sassafe, bayan an gama girbi. Muka bi ta Cadawa har Maraɗi. Daga nan muka nufi kudu. Tsakanin Maraɗi da Madarumfa tafiyar ba ta kai kilomita 30 ba.

Da muka isa, sai muka tsaya muna kallo. Mu da muka saba da guga da rijiya mai zurfi, yau ga ruwa shimfiɗe har iyakar gani. In damina ta yi kyau, faɗinsa yakan kai hekta 800. Gulbin Gabi da Gulbin Maraɗi ne ke kawo masa ruwa daga Nijeriya. Mutanen Tibiri da Gidan Rumji, gulbin da ke wucewa ta ƙasarku shi ma yana da hannu a nan.

Mun ga masunta cikin jirage suna jefa birgi. Mata na soya tarwaɗa da karfasa a bakin ruwa. Makiyaya na shayar da shanu, belbelu na biye da su.

Amma ba kifi kaɗai ke jan mutane ba. Kewaye da tabkin akwai kaburburan waliyyai. Mutanen gari sun ce su 99 ne. An kewaye wasu da ƴar katanga don kada a taka. Wani dattijo ya raka mu. Muka cire takalma, muka yi sallama, muka yi addu'a. Ya ce wani lokaci da dare ana ganin haske bisa kaburburan. Baƙi na zuwa ziyara daga Nijar da Nijeriya, musamman lokacin Mauludi. A shekarar 2006, gwamnati ta sa tabkin da kaburburan da gandun dajin wurin cikin jerin wuraren da take neman hukumar UNESCO ta karɓa a matsayin gadon duniya.

Sai dai akwai abin da ya taɓa mana zuciya. Rairayi na cike tabkin sannu a hankali. In an sare itatuwa, ƙasa ta zama tsirara. Ruwan sama ya kwashe ta, ya zuba cikin gulbi, gulbi ya kai ta tabki. Zurfi ya ragu, kifi ya ragu. Manomi kuma ya yi asarar ƙasar gonarsa.

Maganin wannan ciwo yana hannunmu. Mutanen Ɗan Saga, cikin ƙasar Agye, sun yi suna wajen sassaben zamani. In sun tarar da kututture ya yi toho, ba su ƙone shi. Sukan bar rassa biyu ko uku masu ƙarfi, su gyara su, su girma. Gawo ya ba dabba abinci, ya ba gona taki. Saiwa ta riƙe ƙasa.

Wanda ya sami hali, ya je ya gani da idonsa, gani ya kori ji. In ya dawo gida, ya bar icce a gonarsa. Kowace korama da tabki na ƙauyenmu amana ce a wuyanmu.

Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.