Koyon Latin da Karin Magana da Tatsuniya a Italiya, Ingila da Amurka

Babu yaron da ke tashi da Latin a bakinsa a yau, saboda haka ɗalibi ba ya jin harshen a gida ko a kasuwa. Tun da daɗewa malaman Turai suka nemi mafita a gajerun zantuka masu sauƙin hadda. Ƙarnuka da dama ana fara wa yara da baitocin nasiha masu layi bibbiyu da ake jingina wa Cato, sannan a wuce zuwa tatsuniyoyin dabbobi, irin waɗanda Phaedrus, wani 'yantaccen bawa, ya mayar waƙa a ƙarni na 1 daga labaran Aesop. A 1500 Erasmus ya buga tarin karin magana kusan 800 a Paris mai suna Adagia, ya yi ta ƙara su har suka haura 4,000 kafin rasuwarsa a 1536. Yaro yakan haddace zance tukuna, daga baya malami ya warware masa nahawun da ke ciki.

Italiya ce ta fi riƙe wannan gado. A makarantar sakandaren da ake kira liceo classico ana karanta Latin shekara 5, kuma ginshiƙin aikin shi ne fassara nassi zuwa Italiyanci da ƙamus a hannu. Phaedrus na cikin marubutan da ake fara ɗanɗana wa ɗalibi, domin labarinsa gajere ne kuma ma'anarsa a fili take: kerkeci da ɗan rago a bakin rafi, ko kwaɗon da ya kumbura don ya kai bijimi girma.

Ingila ta sauya hanya a 1970 da fitowar Cambridge Latin Course. Maimakon zantuka daban-daban, ɗalibi yana bin labari guda mai tsawo na gidan Caecilius a birnin Pompeii, har dutsen Vesuvius ya yi aman wuta a shekara ta 79. Nahawu yana shiga ne a hankali cikin karatu. A jami'o'in Amurka kuwa littafin Wheelock na 1956 ya shahara: babi 40, ana gabatar da ƙa'ida, sannan a gwada ta da jimlolin tsofaffin marubuta. Taken Latin da ke jikin kuɗin ƙasar da tambarin jihohi da na jami'o'i shi ma yakan zama darasi.

Mai karatun zaure a ƙasar Hausa zai ga hanyar Italiya ba baƙuwa ba ce, tunda shi ma ta hanyar fassara yake koyo: malami ke fassara masa Ahalari da Ishmawi kalma-kalma kafin ya kai ga Ajurumiya. Bambancin shi ne yana jin Larabci kullum a sallah da karatun Alƙur'ani, abin da yawancin ɗaliban Latin ba su da irinsa.

Karin magana da take suna zama a ƙwaƙwalwa, amma sukan zo a guntule, sau da yawa ma babu aikatau a cikinsu, har mutum ya haddace ɗari bai iya karanta shafi ɗaya ba. Tatsuniya ta fi su amfani ga mai farawa, domin tana da mai aikatawa da abin da aka aikata, da zance tsakanin mutum biyu, da sauyin lokutan aikatau, duk a cikin layukan da ba su cika shafi ba.