Marubuciyata Ta Yi Ƙaura Ba Ta Bar Sallahu Ba

'Yan'uwa ɗalibai, sau da yawa nakan ji ana cewa wayar hannu ta kusanta marubuci da mai karatu. Ban musa ba, amma ina so in ba ku labarin abin da ya same ni a garinmu Tabanni, cikin ƙasar Birnin Gwari, sa'an nan kowa ya auna.

A daminar 2021 ina bin wani labari da wata marubuciya ke saki shafi-shafi a zauren WhatsApp. Shafukan farko kyauta ne, da labari ya ɗauko daɗi sai ta ce a biya, na kuwa biya da kuɗin da na tara na kitso. Mukan yi mata sharhi, ita kuma ta amsa. Har akwai ranar da mata suka yi mata caa a kan ta kashe kishiyar tauraruwar, washegari sai ga kishiya ta kwanta ciwo. A lokacin abin ya burge ni ƙwarai, ina ganin da mu ake rubutun.

To, a ƙarshen watan Satumba na shekarar sai gwamnatin Jihar Kaduna ta sa aka katse layukan waya a wasu sassa, har da namu, saboda 'yan bindigar daji. Da ma can sai an hau tudu ake samun sabis a wajenmu, yanzu kuwa ko tudun bai yi rana ba. Kusan wata biyu muna haka. Mutane na cikin zullumin yadda za su ji lafiyar 'yan'uwansu, ni kuma, Allah Ya yafe mini, har da tunanin kishiyar nan.

A cikin wannan zaman ne Goggona ta buɗe mini tsohon akwatinta. Littattafan Kano ne cike, irin su Budurwar Zuciya na Balaraba Ramat Yakubu da In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, wasu bango ya fita, wasu gara ta ɗanɗana. Da yawa daga cikinsu akwai adireshin marubuci a jiki. Ta ce mini, “Ke 'yar nan, a zamaninmu takarda ake rubuta musu, a jira wata guda.” Wato dai hanyar da Abubakar Imam, mutumin Kagara maƙwabtanmu, ya bi tun 1939, yana buga wasiƙun masu karatu a Gaskiya Ta Fi Kwabo. Tafiyar hawainiya ce, amma littafin da Goggo ta saya kafin a haife ni ga shi a hannuna, babu wanda ya iya katse shi.

Da aka maido da layi a ƙarshen Nuwamba, na tarar an rushe zauren. Wata ta ce marubuciyar ta koma Wattpad, wata ta ce a'a, wata manhajar sayar da littattafai ce. Ban ga laifinta sosai ba, don ita ma ƙasar da take tsaye a kai ba tata ba ce. Ga OkadaBooks nan, inda marubutan Hausa da dama suka zuba littattafansu, ta rufe a Nuwambar 2023.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, cikin wata biyun nan an ci gaba da juya labarin bisa son waɗanda ke da sabis, mutanen Kano da Kaduna da Abuja. Mu da muka yi shiru ba a san mun ɓace ba, balle a tambaya ko lafiya. Alhali kuwa da ta tambaya, da na ba ta labarin da ya fi na kishiya, na matan da ke kwana da takalmi a ƙafa.

Bara na yi kiciɓis da sunanta a Facebook, na aika mata saƙo mai tsawo. Har yau alamar tana nuna ba ta buɗe ba. Kishiyar kuwa, wata ƙawata a ɗakin kwananmu ta ce mini ta warke.